Ɗana Ya Tsani Karatun Gida, Ni Kuma Na Gaji

Assalamu alaikum Anti. Ina da ɗa ɗan shekara 9 da ƙanwarsa 'yar shekara 4. Bara muka cire shi daga makaranta, muka yanke shawarar ni zan riƙa koyar da shi a gida. Na zana jadawali daga ƙarfe 8 na safe zuwa 2 na rana, darasi bakwai, kowanne minti 45. Da farko abin gwanin sha'awa. Yanzu kuwa da ya ga na ɗauko littafin lissafi sai ciwon ciki, sai fitsari, sai fensir ya ɓace. Aikin minti goma sai ya ci mana awa guda. Na yi lallashi, na yi faɗa, na koma yi masa alƙawarin wasa da waya idan ya gama, yanzu ba ya taɓa komai sai ya ce, "Me za ki ba ni?" Abin da muka yi jiya, yau kamar bai taɓa gani ba. Babansa ya ce ni nake sangarta shi, wai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wallahi wani lokaci da kuka nake kwana, ina ganin na cuci yarona. Yaya zan yi?

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Ki share hawayenki, ba ki cuci kowa ba. Duk abin da kika lissafa yana gyaruwa, kuma mafi yawansa daga wuri ɗaya ya taso: wannan jadawalin na awa shida.

Jadawalin makaranta an yi shi ne don malami ɗaya mai yara da yawa a gabansa. A cikin minti 45 ɗin nan akwai kiran suna, akwai rabon littattafai, akwai tsawatar wa masu surutu, akwai jiran wanda bai gama kwafa daga allo ba. Idan malami ya jefo tambaya, yaronki ɗaya ne cikin talatin ko fiye. Ana tambayar wani, shi yana leƙen taga, ƙwaƙwalwarsa tana hutawa ba wanda ya sani. A gida fa? Kowace tambaya tasa ce. Idonki yana kan bakin fensirinsa tun daga harafin farko har na ƙarshe, ya yi kuskure kin gani kafin ya ɗaga hannu. Minti ashirin a haka sun fi minti 45 na aji nauyi. Ke kuma kin jera masa irin wannan har sau bakwai a rana. Babba ma aka yi masa haka zai fara neman hanyar zillewa.

Don haka ki rage, ragi mai yawa. A ganina ɗan shekara 9 da ake koyarwa shi kaɗai, awa biyu zuwa biyu da rabi na zaman karatu sun ishe shi a rana, kuma a gutsuttsure. Charlotte Mason, wata malama 'yar Ingila da ta rasu a 1923, wadda masu koyar da yara a gida ke bin tsarinta har yau, ta kafe a kan gajeren darasi: ga ƙananan yara kada ya wuce minti ashirin, a tsaya tun hankalin yaro bai gudu ba, a sauya zuwa wani abu daban. Hujjarta ita ce yaron da ya saba zama a gaban littafi hankalinsa na wani wuri, rashin mai da hankalin ne yake koya. Na yarda da ita ɗari bisa ɗari.

Na san abin da zuciyarki za ta ce: ai za a bar shi a baya. Ki duba da kyau, a cikin awa shidan nan, minti nawa yake karatu na gaskiya idan an cire neman fensir da zuwa banɗaki da rigimarku? Da wuya su kai awa biyun da nake ce miki.

Kafin ki fara sabon tsari, ki ba shi hutun kwana uku ko huɗu daga duk wani aikin rubutu. Ki riƙa karanta masa labari kawai, ku yi hira. Ana so ganinki da littafi ya daina sa gabansa faɗuwa.

Sai maganar da na fi so ki riƙe a duk amsar nan. Ranar yaronki ba ta da ƙarshen da zai iya kawowa da hannunsa. Ko ya yi sauri, ko ya yi nawa, sai ƙarfe 2 zai tashi. Kuma ina kyautata zaton ranar da ya gama lissafinsa da wuri, kina jin daɗi ki ce, "Yawwa, tunda akwai lokaci ƙara wannan shafin." Iyaye da yawa suna yin haka da kyakkyawar niyya, ba su san sun koya wa yaro cewa ladan sauri shi ne ƙarin aiki ba. Yaro mai wayo da ya gane haka, jan ƙafa zai yi, kuma lissafinsa daidai ne.

Ki cire agogo daga tsakiyar lamarin, ki bar lokacin farawa kawai, shi kam kada ya canza. Kowace safiya ki ba shi 'yar takarda mai abu huɗu, ko biyar in ya yi yawa, a rubuce dalla-dalla. Kada ki rubuta "lissafi", ki rubuta "tambaya 8 a shafi na 41". Kada ki rubuta "rubutu", ki rubuta "jimla biyar a kan tsuntsun da muka gani jiya". Duk wanda ya gama, shi da kansa zai ja masa layi. Idan ya ja layi na ƙarshe, karatun yau ya ƙare, ko da ƙarfe 10 ne. Kada ki ƙara ko tambaya ɗaya, ko da kin ga yau kansa a buɗe yake. Ranar farko zai kalle ki yana jiran tarkon da ke ciki. Ki ce masa, "Ka gama, jeka abinka." Zai yi mako ɗaya ko biyu yana gwada ki kafin ya yarda da gaske kike, kuma in kika karya alkawarin sau ɗaya kin koma farko.

Jerin ayyukan ya zama iri ɗaya kullum, har jikinsa ya saba ba sai an yi ciniki ba. Ku buɗe da abu mai daɗi, ki karanta masa shafi biyu ko uku na labarin da yake so, ki tsaya a inda ya fi daɗi. Daga nan sai mai wuyar, lissafi, tun kai bai gaji ba. Sai ya tashi ya motsa jiki na minti biyar zuwa goma, tsalle ko guje-guje, ban da waya, don wanda ya shiga waya ba ya fitowa da daɗin rai. Sai rubutu, sai karatun da zai yi shi kaɗai. Kimiyya da tarihi da sanin ƙasa ba dole ne kowanne ya samu gurbi kullum ba, ki riƙa juya su, ɗaya a rana, kuma yawancinsu da hannu da ido za a yi su: shuka iri a gwangwani ana auna tsayinsa, zana taswirar gida, bin inuwar sanda daga safe zuwa yamma. Ƙanwar kuwa, ki fara ba ta minti goma nata ita kaɗai kafin ku zauna, sannan ki ware mata kwalin kayan wasa da ba a buɗewa sai lokacin karatun yayanta.

Idan ranar ta lalace, wani ba shi da lafiya ko ke kanki ba ki da ƙarfi, ku yi karatu da lissafi kaɗai ku tashi. Ba bashin da za a biya gobe.

Ciwon cikin nan kuma kada ki ɗauke shi ƙarya kai tsaye. Fargaba tana murɗa wa yara ciki da gaske. Abin lura shi ne littafin lissafi ne ke tayar da shi. Sau da yawa hakan na nufin akwai wani mataki a baya da bai zauna ba, aka ɗora wani a kansa. Yaron da 6 sau 7 ba ta zo masa nan take, idan aka ba shi doguwar rabawa, kowane layi azaba ne: yana ƙirga da yatsu a ƙarƙashin tebur, kafin ya samu amsa ya manta inda yake. Daga waje sai ki ga kamar lalaci. Ki gwada shi ba tare da kin ce jarrabawa ce ba: ki ɗebo tambaya goma daga aikin watanni uku da suka wuce. Barak Rosenshine, wani masanin koyarwa a Amurka da ya daɗe yana nazarin ajujuwan ƙwararrun malamai, ya rubuta a 2012 cewa koyo ya fi tafiya daidai idan ɗalibi yana cin kusan kashi 80 cikin 100 na abin da ake ba shi lokacin atisaye. Wato takwas cikin goma: yana cin mafi yawa, amma akwai sauran abin da zai yi gumi a kai. Idan yaronki biyar yake ci, ki koma baya har inda yake cin takwas, ki faro daga nan, ko da littafin ajin baya ne. Babban amfanin karatun gida ke nan, ba wanda zai yi masa dariya, ba kuma wanda zai wuce ya bar shi.

Mantuwar da kike kuka da ita kuwa halin ɗan Adam ce. Tun 1885 Hermann Ebbinghaus, wani Bajamushe, ya gwada a kan kansa ya nuna cewa sabon abin da aka haddace yana zubewa da sauri a awanni da kwanakin farko, sannan zubewar ta lafa, kuma bitar da aka rarraba a kwanaki ta fi wadda aka tara a zama ɗaya. Yadda ake bitar ma yana da muhimmanci. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke sun ba ɗaliban jami'a wani rubutu. Wasu suka yi ta maimaita karanta shi, wasu suka karanta a zama ɗaya sannan aka riƙa sa su rubuta abin da suka tuna ba tare da dubawa ba. Bayan minti biyar, masu maimaita karatu ne a gaba. Bayan mako guda abin ya juye: masu maimaitawa sun riƙe kashi 40, masu ƙoƙarin tunowa kashi 61. Manya aka gwada a nan, amma an samu irin wannan sakamako a kan 'yan makaranta ma.

Abin yi a gida mai sauƙi ne. Minti biyar kafin lissafi, littafi a rufe, ki yi masa tambaya uku: ɗaya daga jiya, ɗaya daga makon jiya, ɗaya daga watan jiya. Ya yi shiru yana lalube, kada ki yi saurin ba shi amsa, wannan laluben shi ne aikin. Ki ƙirga goma a zuciyarki. In ya kasa, ki nuna masa ba tare da tsaki ba, gobe ki sake kawo ta. Haka in kun karanta labari ko darasin tarihi, ki rufe littafin ki ce, "Ba ni labarin abin da ya faru." Da farko jimla biyu zai ba ki. Ki karɓa.

Yanzu "me za ki ba ni?" A 1973 Mark Lepper da David Greene da Richard Nisbett sun yi wani gwaji da yaran wata makarantar reno a Jami'ar Stanford, yaran da dama can suna son zane. Wasu aka yi musu alƙawarin takardar yabo idan sun yi zane, wasu aka ba su ba zato bayan sun gama, wasu ba a ba su komai ba. Da aka dawo bayan mako ɗaya zuwa biyu aka ajiye kayan zanen ba lada, yawan lokacin da waɗanda aka yi wa alƙawari suka kashe a kan zanen kusan rabin na sauran ne. Lada da aka yi ciniki a kansa yana mai da abu aikin ƙwadago, kuma ɗan ƙwadago ba ya aiki ba biya. Ban ce kyauta haramun ba ce. Kyautar ba-zata ba ta yi ɓarna a gwajin ba, kuma ƙaramin lada kan taimaka a fara abin da yaro ya ƙi ƙememe. Amma naki ya riga ya zama albashi, sai a warware shi.

Ki raba waya da karatu gaba ɗaya. Ki sa mata lokacinta tsayayye da yamma, iyakar da ku iyaye kuka ga ta dace, kada ta ƙaru don ya yi ƙoƙari. Ki gaya masa tun kafin ranar, ba a tsakiyar rigima ba: "Daga gobe waya tana da lokacinta, karatu yana da nasa. Ladan gama aikinka shi ne sauran ranar taka ce." Zai yi bore na 'yan kwanaki, wataƙila ya zauna ya harɗe hannu. Kada ki ɗaga murya, kada ki tsaya a kansa. Ki ce takardar tana nan tana jiransa, wasa kuma yana bayanta, ki kama harkarki a kusa. Rigimar da ba abokin yi ba ta daɗewa.

To me zai maye gurbin ladan? Edward Deci da Richard Ryan, masana halayyar ɗan Adam da suka yi shekaru suna wannan bincike a Jami'ar Rochester, sun ce sha'awar da ke fitowa daga cikin mutum tana rayuwa ne a kan abu uku: ya ji yana da ta cewa, ya ji yana iyawa, ya ji yana tare da mutanen da suka damu da shi. Iyawa mun yi maganarta. Ta cewa kuwa ba tana nufin shi zai zaɓi ko a yi lissafi ko kada a yi ba. Ke ce mai yanke abin da za a koya, shi kuma ki bar masa yadda za a yi: rubutu zai fara ko karatu, a tebur ko a ƙasa, tambayoyin sama ko na ƙasa. Sannan ki ba shi yini ɗaya a mako, ko rabin yini, na abin da ransa ke so. Ba ki gaya mini abin da yake so ba, kuma da a gabana kike tambayar da zan fara yi miki ke nan. Me yake yi har ya manta da kowa? In motoci ne, to akwai karatu a ciki, akwai awo da lissafin nisa da gudu, akwai zane, akwai rubuta bayanin yadda birki ke aiki. Yaron da ke kukan jimla biyar zai iya cika shafi a kan abin da ya dame shi.

Ki kuma lura da irin yabonki. Claudia Mueller da Carol Dweck sun nuna a 1998 cewa yaran da aka yaba wa da "kana da ƙwaƙwalwa" sun fi gudun aiki mai wuya daga baya, kuma sun fi karaya bayan sun faɗi, a kan waɗanda aka yaba wa ƙoƙarinsu. Ki faɗi abin da idonki ya gani: "Na ga ka kuskure ta uku, ka koma ka gano da kanka." Ki ajiye aikinsa na yau, bayan wata biyu ki ɗauko ku jera da sabo ya gani da idonsa.

Abu na ukun nan, zama da mutane, shi ne inda wasiƙarki ta yi shiru, kuma ya tsaya mini a rai. Yaron nan da aka cire daga makaranta, ba darasi kaɗai ya bari ba, ya bar abokansa. Akwai wanda ya tambaye shi ko yana kewarsu? Ki tambaye shi wata rana kuna tafiya, ba a wurin karatu ba, kuma ki saurara ba tare da kin kare kanki ba. Yana buƙatar sa'o'insa a kai a kai, ranaku sanannu da zai riƙa ɗoki: ƙwallo, ko haɗuwa da wasu yaran da ake koyarwa a gida, ko wani darasi a hannun wani malamin da ba ke ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar yara 'yan shekara 5 zuwa 17 su samu motsa jiki mai sa haki na kimanin minti 60 a rana, likitocin barci kuma suna cewa ɗan shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar barcin awa 9 zuwa 12. Yaron gida yana saurin rasa duka biyun, saboda ba tafiya makaranta, ba kuma dole a kwanta da wuri.

Maigidanki yana da gaskiya ta wani ɓangare: yaro yana buƙatar iyaka da ba ta motsi, kuma yanzu ne lokacin kafa ta. Sai dai iccen da aka tanƙwara da ƙarfin tsiya ɓallewa yake yi. Tsarin da na ba ki ya fi na da tsauri ta inda ya kamata, don babu ciniki a cikinsa. Ki zaunar da maigidan ki nuna masa, yaron ba ya wurin, ku fito da murya ɗaya. Kuma ki ba shi rabonsa: minti goma da dare, yaron ya koya wa babansa abu ɗaya da ya koya yau, baban ya yi tambaya irin ta mai son ya sani. Bita ce, kuma yaro yana ƙara ƙaimi idan ya san akwai mai jiran ya ji.

Ki samu ƙaramin littafi ki riƙa rubuta layi biyu kullum, abin da aka yi da inda aka cije. Daren da zuciya ta ce miki ba abin da kike tsinanawa, shi za ki buɗe. Zai kuma yi miki amfani ta wata fuskar, domin dokar karatun gida ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa: Jamus ta hana shi in ban da 'yan lokuta ƙalilan, Faransa tun 2022 sai da izini, wasu wuraren kuma suna neman rajista ko shaidar ci gaban yaro. Ki tabbatar da abin da hukumar ilimi ta inda kuke take buƙata, da yadda zai zauna jarrabawar da ke gabansa.

Ki ba wannan tsari mako shida cur kafin ki yanke masa hukunci. Idan bayan nan har yanzu yana fama, musamman in yana tsallake layi ko yana wahalar haɗa haruffa, yana matso da littafi dab da fuskarsa, yana yawan cewa "na'am?" idan an yi magana, ko ba ya iya tsayawa a kan komai har wasan da yake so, ki kai shi a duba idonsa da kunnensa, sannan ki nemi ƙwararre a kan matsalolin koyo ya gwada shi. Ciwon cikin ma in yana zuwa a ranakun da ba karatu, likita za a gani. Idan kuma kun yi duk wannan kuka ga yaron ya fi walwala a cikin aji, ko ke nauyin ya fi ƙarfinki, ku mayar da shi makaranta ba tare da jin kunyar kowa ba, ko ku ɗauko malamin da zai karɓe ki darasi ɗaya ko biyu, ki fara da lissafin. Allah ya raya miki su, ya ba ki ikon tarbiyyarsu.